Indiyawa ba harshe ɗaya suke yi ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk Ba'indiye harshen Hindi yake yi, wanda muke kira Indiyanci. Ba abin mamaki ba ne, tunda shi muka saba ji a fina-finai.

Amma tsarin mulkin Indiya harsuna 22 ya lissafa. Gujaratawa, 'yan kasuwar nan da suka bazu har Kenya, Uganda da Ingila, Gujarati ne harshensu, kuma masu yinsa sun haura miliyan 50. Bisa harshen ne ma aka ƙirƙiro jihar Gujarat a 1960. Rubutunsu ba shi da layin nan na saman baƙaƙe irin na Hindi.

Mai son tabbatarwa ya nemi hoton bayan takardar kuɗin Indiya, zai ga an jera harsuna 15, har da Gujarati. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.