Kainosait

Kainosait ma'adini ne mai wuyar samu. Ya ƙunshi kalsiyam da yitiriyam, sannan ya haɗa silika da kabonet a jiki ɗaya. A littattafan ilimin duwatsu ana rubuta sunansa kainosite-(Y), tsarin sinadaransa kuwa Ca₂(Y,Ce)₂Si₄O₁₂(CO₃)·H₂O ne. Yana cikin ma'adanan da ke ɗauke da sinadarai 17 ɗin nan da ake kira masu wuyar samu a ƙasa, ko da yake sunan ya wuce gona da iri: yitiriyam, ɗaya daga cikinsu, ya fi dalma yawa a ɓawon duniya. Abin da ke da wuya shi ne a same su sun taru wuri guda.

Asalin suna

Adolf Erik Nordenskiöld ne ya fara bayyana shi a 1886, daga samfurin da aka samo a tsibirin Hidra, kusa da Flekkefjord a kudancin Norwe. Wannan mutum an fi saninsa da tafiyar jirgin ruwan Vega, wanda ya ratsa tekun ƙanƙara ta arewacin Rasha a 1878 zuwa 1879, amma asalin karatunsa na ma'adanai ne. Ya ɗauko sunan daga kalmar Girkanci kainos, wato sabo ko baƙon abu, saboda haɗin sinadaran bai yi kama da abin da aka saba gani ba. Harafin Y na ƙarshe daga baya ya shigo, bisa tsarin da A. A. Levinson ya kawo a 1966, inda ake liƙa wa irin waɗannan ma'adanai alamar sinadarin da ya fi yawa daga cikin masu wuyar samun da ke jikinsu.

Ƙira da kamanni

Baƙuntar tasa a haɗin sinadaransa take. Galibi silika da kabonet kowa gidansa daban: dutsen ƙanƙara (quartz) silika ne zalla, dutsen da ake ƙonawa a yi siminti kuwa kabonet ne. A kainosait, ƙwayoyin silika huɗu ne suke kama hannun juna su yi zobe, kalsiyam da yitiriyam su ɗaure zobban, kabonet da ruwa kuma su zauna a guraben da suka rage. In aka lissafa bisa tsarin da babu gauraye, silika ta kai kusan kashi 37 cikin ɗari na nauyinsa, yitiriyam haɗe da iskar oksijin kashi 35, kalsiyam da tasa oksijin kashi 17 da ɗoriya, iskar kabon kusan kashi 7, saura ruwa. Dutsen da aka haƙo ba ya zuwa da wannan tsabta. 'Yan'uwan yitiriyam irin su disfurosiyam, erbiyam da itarbiyam sukan karɓe wani sashe na gurbinsa.

Kalarsa ba ta tsaya guda ba. Akwai fari, akwai mai haske kamar gilashi, akwai rawaya, ruwan zuma, ruwan ƙasa, har da ruwan hoda. Yana sheƙi irin na gilashi, wani lokaci kamar an shafa masa mai. 'Ya'yansa ƙanana ne, gajeru ko masu ɗan tsawo, kuma sau da yawa sai da madubin ƙara girma ake ganin fuskokinsu. Taurinsa tsakanin 5 da 6 ne a ma'aunin Mohs, wato dab da na gilashin taga. Dutsen ƙanƙara, mai 7, yana karce shi. Nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau uku da rabi. Wanda ya taɓa wanke kuza zai gane ma'anar wannan: ya fi yashi nauyi, amma kusan rabin nauyin kuza ne kawai, wadda ta ninka ruwa kusan sau bakwai.

Kabonet ɗin da ke cikinsa yana da alama. In aka sa garinsa a asid, yakan narke yana fitar da iskar kabon. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta ga kumfa ta taso, ta ga irin wannan aikin, don ita ma kanwa kabonet ce. Sai dai na kainosait bai kai haka gaggawa ba.

Inda ake samunsa

Ba ya cikin ma'adanan farko da ke daskarewa daga narkakken dutse. A ƙarshe yake zuwa, bayan dutsen ya soma hucewa, lokacin da ruwan zafi mai ɗauke da iskar kabon ke bin tsaguwa da ramuka. Shi ya sa ake tarar da shi cikin ramukan giranit da jijiyoyin fegmatait, wato dutse mai manyan ƙwayoyi, yana maƙwabtaka da kalsait, kulorait da dutsen ƙanƙara. Bayan Hidra, an same shi a mahaƙar da ake kira Ko, a Nordmark, a Suwidin, da giranit na Baveno a arewacin Italiya, da tsagogin tsaunukan Alfs na Suwizalan. A Kanada akwai North Burgess da yankin Bancroft a Ontariyo, da mahaƙar Evans-Lou a Kwibek. Mafi yawan waɗannan wurare abin ajiyar gidan tarihi da masu tara duwatsu kawai suke bayarwa. Strange Lake, a kan iyakar Kwibek da Labrador, shi ya fita daban, don a can yana cikin ma'adanan da ke riƙe da yitiriyam ɗin wurin. Yitiriyam kuwa ana sa shi a fitilun zamani, na'urorin leza da tangaran mai jure zafi.

A Arewacin Nijeriya, ma'adini mai ɗauke da sinadarai masu wuyar samu da masu haƙa suka fi sani shi ne monazait, wanda ake tsinta a tarkacen wankin kuza na Jos. Shi fosfet ne, ba kabonet ba. Jihar Kaduna tana da fegmatait a yankin Jama'a, inda aka daɗe ana haƙar kuza da tantalait, kuma ɗan dutse rawaya ko ruwan zuma ba baƙo ba ne a hannun dillalai. Ido ba ya raba gardama a kansa, domin monazait, zinotim da titanait duk suna iya zuwa da wannan kala. Abin da ke tabbatar da kainosait shi ne a niƙa ɗan samfuri a haska shi da na'urar eksire mai karanta tsarin ƙwayoyi, sannan a auna sinadaransa. Irin wannan gwaji aikin ɗakunan binciken duwatsu ne, kamar wanda Hukumar Binciken Ma'adanai ta Nijeriya ke da shi a garin Kaduna.