Nauyin mai ciki da nauyin jariri: tambayoyin da ake yi a wurin awo a Tawa

Da gaske ne idan mai ciki ta ci da yawa, ɗan zai yi girma ya ƙi fita?

Wannan tsoron shi ya fi damuna, don kuwa yana sa mata su janye hannu daga akushi a watannin ƙarshe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: wadda ta ƙara nauyi fiye da kima, musamman mai ciwon sukari, tana iya haihuwar jaririn da ya haura kilo 4, naƙuda ta yi tsawo, wani lokaci sai an yi fiɗa. Amma a Adar abin da aka fi gani akasin haka ne. Jariri ya zo bai kai kilo 2 da rabi ba, ba ƙarfin kama nono, sanyi kaɗan ya kayar da shi. Yunwa kuma ba ta buɗe ƙugu. Yarinyar da ta ɗauki ciki ƙashinta bai gama girma ba, hana ta abinci ba zai sauƙaƙa mata haihuwa ba, sai dai ya bar ta ba jini.

To kilo nawa ya kamata a ƙara?

Ya danganta da jikin da ciki ya tarar. Ma'aunin da likitoci suka fi bi an fitar da shi a Amurka a 2009. Mu ɗauki mace mai tsawon mita 1 da santimita 60 mai ɗauke da ɗa guda. Idan ba ta kai kilo 47 ba kafin ciki, ana so ta ƙara 12 da rabi zuwa 18. Mai kilo 47 zuwa 64, ta ƙara 11 da rabi zuwa 16. Daga 64 zuwa 77, kilo 7 zuwa 11 da rabi sun isa, wadda ta wuce haka kuwa 5 zuwa 9. A wata ukun farko, da laulayi da amai, kilo ɗaya ko biyu ba laifi ba ne. Daga nan kusan rabin kilo a mako, mai ƙiba kuwa ƙasa da haka.

Ba duka kitse ba ne. Akwai ɗan, akwai mabiyiya da ruwan da yake kwance a ciki, ga jinin uwa da ya ƙaru, ga tanadin shayarwa.

Abin yana bin yaro har ya girma?

Yakan bi shi. Wanda aka haifa ƙarami ya fi shiga haɗarin tamowa da tsumburewa kafin shekara biyu, kuma idan ya manyanta hawan jini da ciwon sukari sun fi saurin kama shi. Ƴaƴan matan da suka yi ƙiba sosai da ciki kuma sun fi yin teɓa tun suna makaranta. Ba hukunci ba ne dai: nono zalla na wata 6, rigakafi da abincin yaye suna gyara da yawa.

Me za a ci, hatsi ya yi tsada?

Ba sai an ci na mutum biyu ba, ƙarin kwano ɗaya mai kyau a rana ya wadatar. Fura da nono, wake, gujiya, cuku, zogale da ƙuli-ƙuli, ƙwai idan ya samu. Maganar wai ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Lemon kwalba da fanke kullum su ne ke kawo nauyin banza.

Damina ce lokacin da ya fi tsanani: rumbu ya yi ƙasa, ga noma, ga sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana tare abincin ɗa a mabiyiya, shi ya sa ake ba da Fansidar a wurin awo bayan wata uku, tare da ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro. Maigida, a nan aikinka yake: rage mata daka da ɗiban ruwa, ka tabbata ba ragowar tuwo take ci ba.

Yaushe nauyi ke zama alamar haɗari?

Idan ya hau farat ɗaya cikin kwanaki, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ruwa ne, ba ƙiba ba, kuma yana iya kaiwa ga jijjiga. A tafi likita a ranar, ko da dare ne. Haka ma idan awo biyu a jere sikeli bai motsa ba, a nuna wa unguwarzoma karnen, wato littafin awo, a tambaye ta dalili.