Ciwon Jiki da Damuwa ke Haifarwa

Ciwon jiki da damuwa ke haifarwa shi ne rashin lafiyar da mutum ke ji a gangar jikinsa, kamar ciwon kai, faɗuwar gaba ko murɗawar ciki, alhali tushensa tsoro ne, baƙin ciki ko doguwar damuwa. Ciwon na gaske ne, ba raki ba ne, ko da gwajin asibiti bai nuna komai ba.

Yadda yake faruwa

Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai ta aika saƙo ga wasu ƙananan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin cikin daƙiƙoƙi. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya bar hanji ya nufi tsokoki, baki ya bushe. Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ne ya bayyana wannan shirin faɗa ko gudu a 1915. Bayan mintoci kuma sinadarin kotisol ya biyo baya, ya ɗaga sukarin jini. A 1936 wani likita mai bincike, Hans Selye, ya nuna a birnin Montreal na Kanada cewa ɓerayen da aka daɗe ana takurawa suna samun gyambon ciki da kumburin waɗannan ƙullutai. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta ɗan fashi da bashin da ya hana barci, kuma bashi ba ya wucewa cikin minti 10.

Alamomi

Tsokokin wuya da ƙeya kan ɗaure, kai ya yi nauyi kamar an ɗaura masa rawani an matse. Hanji na da tarin jijiyoyinsa, shi ya sa wani ke gudawa ranar jarrabawa, wani kuma cikinsa ya ƙulle.

Wanda ya fi firgita mutane shi ne numfashi sama-sama. Mai shi yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sinadarin kalsiyam mai aiki a jini ya ragu, sai yatsu da leɓɓa su yi dindiris, jiri ya zo, hannu ma ya iya sandarewa. Ganin haka sai tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Harin firgici, wato tsananin tsoro da ke zuwa farat ɗaya, yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti 10.

Akwai kuma mai haɗari: ciwon Takotsubo, da likitocin Japan suka bayyana a 1990, inda mummunan labari ke raunana tsokar zuciya na ɗan lokaci, galibi ga matan da suka daina al'ada.

A Najeriya, masu irin wannan ciwo sukan ce kansu na zafi ko wani abu na yawo a jikinsu. Likita Raymond Prince ya rubuta makamancin haka game da ɗalibai a 1960.

Inda ake kuskure

Da yawa suna shan maganin maleriya ko taifot a jere, bisa gwajin taifot na Widal da ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Wasu kuma sun lizimci maganin ciwon kai, alhali shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata na iya mayar da ciwon na kullum. Su ibuprofen da diclofenac kuwa suna cin bangon ciki. Olsa ma, akasari sanadinta ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ko waɗannan magunguna, ba tunani kaɗai ba.

Magani

Likita zai fara duba ƙarancin jini, sukari, hawan jini da aikin tayirod (ƙullutun da ke gaban wuya), domin suna kwaikwayon damuwa. Daga nan akan koyar da jan numfashi a hankali, kusan sau 6 a minti, tare da motsa jiki na minti 150 a mako da zaman gyaran tunani da ƙwararre. Wani lokaci akan ba da ƙaramin awo na maganin amitriptyline da dare. Numfashi a cikin jakar takarda an daina ba da shawararsa, don yana iya rage iskar oksijin ga mai asma ko ciwon zuciya.

Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, shanyewar ɓarin jiki, aman jini, suma, da rama ba gaira ba dalili, duk na asibiti ne nan take, komai yawan damuwar mai su.