Daga rasuwa zuwa kabari: abin da dokar jihar New York ta tanada

A Kano ko Zinder, mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. A jihar New York ta Amurka, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke zaune musamman a unguwar Bronx, za a iya yin jana'iza cikin kwana ɗaya, amma sai takardu sun cika. Yawancin jinkirin da ake samu daga takarda yake tasowa, don haka duk mai hidimar gawa, daga jami'in jana'iza (ƙwararren da sana'arsa ita ce shirya jana'iza) zuwa kwamitin masallaci, ya kamata ya san yadda suke bin juna.

New York na cikin jihohi ƙalilan da ba su yarda dangi su yi komai da kansu ba. Ɗauko gawa daga asibiti, shigar da takardu da kai ta maƙabarta aikin jami'in jana'iza ne mai lasisi. Wanka da sutura da sallah suna hannun jama'a, sai dai a ƙarƙashin kulawarsa.

Sashe na 4140 na dokar lafiyar jama'a ya ce a yi rajistar mutuwa cikin awa 72, a gundumar da aka rasu. Takardar shaidar mutuwa hannu biyu ke cike ta. Likita ya rubuta sanadin mutuwa ya sa hannu, jami'in jana'iza kuma ya cike bayanan mamaci daga bakin danginsa: cikakken suna, ranar haihuwa, sunayen iyaye, lambar inshorar zamantakewa (lambar shaida ta gwamnatin Amurka, wato Social Security), da inda za a binne shi. Yanzu ta intanet ake yi, kuma birnin New York yana da nasa ofishin rajista dabam da na sauran jihar. Sai an karɓi wannan takarda ake fitar da izinin binnewa, kuma mai kula da maƙabarta ba zai bari a sa gawa a rami ba in bai ga izinin ba.

Wuri biyu abin ke cijewa. Na farko sa hannun likita: in an rasu daren Juma'a kuma likitan da ya duba marigayi ya tashi daga aiki, gawa za ta kwana a mutuware. Tun kafin a bar asibiti a tambayi wane likita ne zai sa hannu, a kuma shaida masa addini ya buƙaci gaggawa. Na biyu shi ne suna. Mutumin da fasfo ɗinsa na Nijar ya ce Mahamadou, ɗan uwa cikin ruɗewa ya faɗi Muhammad, haka za a rubuta. Binnewa za ta wuce lafiya, amma ranar da matarsa ta je banki ko ofishin jakadanci sai a ce ba mutum ɗaya ba ne, gyaran kuwa sai an kawo hujjoji an jira. A ɗora fasfo a kan tebur a kwafi harafi bayan harafi.

In mutuwar ta faru ta hanyar haɗari, kisa, ko farat ɗaya ba tare da likita na duba mutum ba, magana ta koma hannun likitan binciken gawa na gwamnati. Ba mai taɓa gawar sai ya sake ta. A nan akwai haƙƙin da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 4210-c ya hana fiɗe gawa in ɗan uwa ko aboki ya ce hakan ya saɓa wa addinin mamaci, sai in akwai larura babba ta jama'a, kamar binciken kisan kai ko cutar da ke barazana ga al'umma. Dole a faɗi ƙin amincewar da wuri kuma a fili. Ko da ba a gama gano sanadin mutuwa ba, ana iya ba da takarda cewa bincike na ci gaba, a saki gawa a binne.

Wa ke da ta cewa a kan gawa? Sashe na 4201 ya jera su: wakilin da mamaci ya naɗa a rubuce gaban shaidu biyu, sai miji ko mata, sai abokin zama da doka ta sani, sai 'ya'yan da suka kai shekara 18, sai iyaye, sai 'yan uwa na jini. Limami ko babban wa ba ya gaban matar aure, komai girmansa a cikin jama'a. Wanda ya musulunta alhali danginsa ba Musulmi ba ne, ya cike takardar naɗa wakili tun yana da rai, in ba haka ba ana iya ƙona gawarsa kuma masallaci ba shi da hurumin hanawa.

Dokar jihar ba ta tilasta yi wa gawa allurar hana ruɓewa ba, kuma ƙa'idar tarayya da ta fara aiki a 1984 ta haramta wa gidan jana'iza ya ce doka ta tilasta alhali ba haka ba ne, ta kuma wajabta masa ba da jerin farashi a rubuce. Inda ake neman allurar shi ne in za a kai gawa gida ta jirgin sama. Wasu maƙabartu suna sharɗanta kwandon siminti a cikin kabari don kada ƙasa ta rufta. Wannan ƙa'idarsu ce, a tambaya kafin a biya kuɗin fili.

Tono gawa shi ne mafi wuya, kuma daidai ne ya yi wuya. A maƙabartar da kamfani ke gudanarwa, sashe na 1510 na dokar ƙungiyoyin da ba na riba ba ya buƙaci yardar maƙabartar, da rubutacciyar yardar masu filin kabarin, da ta miji ko mata, da 'ya'ya baligai, da iyayen mamaci. Mutum ɗaya ya ƙi, sai kotu, kuma dole a sanar da shi aƙalla kwana 8 kafin zaman in hannu da hannu ne, ko kwana 16 in ta gidan waya ne. Tun shari'ar Yome da Gorman a 1926 kotunan jihar suka tsaya a kan cewa a bar mamaci inda aka kwantar da shi sai da dalili mai nauyi, kuma abin da shi kansa ya so yana da rinjaye. Masu cewa “a binne shi nan tukuna, in an samu kuɗi a mayar da shi gida” su san cewa ranar tonon za a nemi sa hannun kowa, da izinin hukumar lafiya in a cikin birnin New York ne, da jami'in jana'iza da zai tsaya a bakin kabarin.