Lissafin "wane ya buge wane" ba ya aiki a dambe

In gardamar 'yan dambe ta kaure a majalisa, sai ka ji an ce ai wane ya buge wanda ya buge wane, magana ta ƙare. Ina! A 1971 Joe Frazier ya doke Muhammad Ali. A 1973 George Foreman ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu. Bisa wancan lissafi, in Ali ya haɗu da Foreman ya shiga uku ke nan. Amma Frazier gajere ne mai kutsawa gaba kai a sunkuye, daidai inda naushin Foreman ke tasowa. Ali kuwa, a Kinshasa a 1974, jingina ya yi da igiyar da ta kewaye fagen damben yana karewa, Foreman ya yi ta jibga har ya gaji liƙis. A turmi na 8 Ali ya shimfiɗe shi.