Daidaita launi a na'urorin haɗa bidiyo

Daidaita launi shi ne auna hasken da allon aiki ke fitarwa, a gwada shi da mizanin da aka amince da shi, sannan a gyara na'urar har su zo ɗaya. Ba don hoto ya yi kyau ake yin sa ba. Abin da ake so shi ne allo ya nuna ainihin abin da ke cikin fayil, ko da ba shi da kyan gani. Idan allon mai gyaran launi ya karkata ga shuɗi, zai yi ta ƙara wa hoton rawaya da ja ba tare da ya sani ba, sai fim ya isa ga masu kallo fuskokin 'yan wasa sun yi jawur.

Ido kaɗai bai isa wannan aiki ba, domin yana da saurin sabo. Farar takarda a ƙarƙashin fitila mai rawayan haske, bayan 'yan mintuna fara fat mutum zai riƙa ganinta. Shi ya sa ake dogara da na'urar awo.

Mizanai

Mizanin da ya fi yaɗuwa shi ne Rec. 709, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince da shi a 1990 don talabijin mai tsabtar hoto. Ya ƙayyade irin ja, kore da shuɗin da allo zai fitar, da kuma fari mai suna D65, wanda ya yi kusa da hasken rana, kimanin kelbin 6,500 a ma'aunin launin haske. A ɗakin gyaran launi ana saita fari mafi haske a nit 100 (nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken allo). Yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari, wato gama, sai a 2011 aka tsayar da shi a takardar ITU mai lamba BT.1886, a kan 2.4. Kafin nan, ɗabi'ar tsohon allo mai ƙeya ita ce ta zama doka ba tare da an rubuta ba.

Majigin silima na bin mizanin DCI-P3, da gama 2.6 da haske nit 48, tun da a ɗaki mai duhu ake kallo. Rec. 2020 ya fito a 2012 da launuka masu faɗin gaske, Rec. 2100 kuma a 2016 ya zo da HDR, wato hoto mai faɗin tazara tsakanin duhu da haske, ta hanya biyu: PQ, mai iya kaiwa nit 10,000, da HLG, wanda BBC da NHK ta Japan suka ƙirƙiro.

Yadda ake yi

Ana kunna allo ya yi kamar rabin sa'a ya ɗumama, a rage hasken ɗaki, bangon bayan allon kuma ya kasance ruwan toka. Sai a kafa na'urar awo a fuskar allon, manhaja irin su Calman ko ColourSpace ta riƙa aika launuka ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana karantawa. Na'urorin iri biyu ne. Ta farko, kalarimita, tana da sauri, tana kuma gani sosai a wurare masu duhu, amma sabon nau'in allo na iya ruɗa ta. Ɗayar, mai rarrabe haske zango-zango, ta fi daidai, sai dai tana da jinkiri da tsada. Ƙwararru kan yi amfani da ta biyu su gyara ta farko, sannan su yi dogon awon da mai saurin.

Ana fara saita baƙi da fari, sai matakan toka, launuka su zo ƙarshe. Abin da maɓallan allo suka kasa gyarawa, ana rubuta shi a jadawalin gyara da ake kira LUT. Jadawali mai ɗigo 17 a kowane ɗaya daga gefe uku na ja, kore da shuɗi na ɗauke da launuka 4,913. Mai 33 kuwa 35,937. Tazarar da ta rage tsakanin abin da aka auna da abin da ake nema ana kiranta Delta E, kuma idan ta gaza 2, da wuya ido ya gane bambancin.

Tun kafin waɗannan manhajoji akwai sandunan launi na gwaji na SMPTE, ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin, da zanen PLUGE na BBC don saita baƙi. Tsarin talabijin mai launi na Amurka, NTSC, na 1953, ya yi ƙaurin suna wajen sauya launi a hanya, har injiniyoyi ke masa ba'a cewa ba ya maimaita launi ɗaya sau biyu. Tsarin PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙira a Jamus, ya magance wannan a cikin siginar kanta.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa ba a allon yake ba, a hanya yake. A bidiyo mai bit 8, wato mai matakan haske 256, baƙi yana kan lamba 16, fari a 235. A mai bit 10 kuwa 64 da 940 ne. Kwamfuta ita daga 0 zuwa 255 take lissafi. Idan mai aikawa da mai karɓa suka saɓa, ko dai hoto ya yi fari-fari kamar an wanke shi, ko duhun ya haɗiye komai. Dalilin ke nan da gidajen tace fim ke fitar da hoto ta kati na musamman da wayar bidiyo ta ƙwararru mai suna SDI, don kada tsarin kwamfutar ya taɓa launin.

Akwai kuma abin da awo bai gama warwarewa ba. Lissafin da na'urorin ke bi ya samo asali ne daga gwajin ganin ɗan adam na hukumar haske ta duniya, CIE, na 1931. Allon OLED da na LCD na iya ba da lamba ɗaya a na'ura, amma a jera su, farinsu ya bambanta a ido, ɗaya ya ɗan karkata ga kore. A nan akan ɗan kauce wa D65 da gangan, a daidaita farin da ido. Allo kuma yana tsufa, haskensa na raguwa, farinsa na gocewa, don haka ake maimaita awon bayan 'yan watanni, ko kafin a shiga babban aiki.