Biraken da Manufar Gwamnatin Birtaniya kan Ciwon Daji

Biraken, wanda masana tsirrai ke kira Pteridium aquilinum, ciyawa ce mai ganye kamar gashin tsuntsu da ta mamaye tsaunukan kiwo a Sikotland, Wales da arewacin Ingila. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Saiwarta ce ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ko an sare ta sai ta sake tofowa.

Illarta ga dabbobi ba a jayayya a kai. Saniyar da ta daɗe tana cin ta kan soma fitsarin jini saboda ƙari a mafitsara, tumaki su makance, dawakai kuma su riƙa tangaɗi don ƙarancin bitamin B1. A 1965 masu bincike a garin Bangor da ke Wales suka nuna tana jawo wa ɓeraye ciwon daji, a 1983 kuma aka gano sinadarin da ake zargi, ptaquiloside, mai lalata ƙwayoyin gado. Yana fita a nonon shanu, ruwan sama kuma na wanke shi zuwa cikin ƙasa.

Ga ɗan Adam ne maganar ke da wuya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa biraken a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya haddasa cutar amma hujja ba ta cika ba. A Japan da Koriya ma cin tohonta ake yi. Akan dafa shi a jiƙa, a Japan har da ruwan toka, abin da ke rage gubar ƙwarai.

Wannan rashin tabbas ya sa gwamnati ta tsaya ga shawara maimakon tilas. Dokar ciyayi masu cutarwa ta 1959 ta ambaci iri biyar, babu biraken a ciki, don haka kashe ta ya rage ga mai gona. A 2008 kwamitin gwamnati kan guba ya duba haɗarin nama da nonon dabbobin da suka ci ta.

Inda makiyaya suka fi kokawa shi ne maganin feshi. Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da asulam, maganin kashe biraken, a 2011, Birtaniya ta ci gaba da ba da izinin gaggawa shekara-shekara, har Sikotland ta hana a 2023, kamfanin da ke yin sa kuma ya janye. Daga cikin hanyoyin da suka saura akwai sara, birgima da abin nauyi, da sa shanu su tattake ta, duk kuwa da cewa su ne take cutarwa.